Raspberry Pi a ƙauye: wacce zan saya, kuma zata jure zafi da rashin wuta?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Bari in maimaita ta a taƙaice saboda masu karatu. Malam yana koyarwa ne a wata ƙaramar sakandare a wajen Kafin Hausa, garinsu ba wutar gwamnati sai sola, yana da faranti ɗaya da batir ɗaya a gida. Ya tara ɗan kuɗi yana so ya sayi ƴar ƙaramar kwamfutar nan da komai nata ke kan bod guda, mai kusan girman katin ATM, don abu uku: ya koyi rubuta firogiram, ya zuba wa ɗalibansa littattafai su riƙa karantawa a waya ba tare da data ba, sannan ya sa ta riƙa kunna famfon lambunsa tana kashewa da kanta. Wani yace masa ya sayi Raspberry Pi 5 tunda ita ce sabuwa, wani yace Orange Pi tafi araha, shine yake tambaya wacce zai ɗauka.

To Malam gaskiya ni a ganina kar ka sayi Pi 5, kuma kar ka ɗora ayyukan nan uku a kan na'ura ɗaya. Ka sayi Pi 4 mai memori giga 2 ko 4 don koyo da littattafai, ka sayi Pico ko ESP32, wasu ƙananan bod masu araha da zan yi bayaninsu a gaba, don famfo, sauran kuɗin kuma, wanda shine mafi muhimmanci, ka zuba shi a wuta da katin memori da sanyaya. Bari in maka bayanin dalili dalla dalla.

Ita Raspberry Pi a shekarar 2012 ta fara fitowa, wata gidauniya ce a Kambirij ta Ingila ƙarƙashin Eben Upton da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta don yara su samu kwamfuta mai araha da zasu koyi firogiram a kai, ta farko dala 35 aka sa mata. Daga nan aka yi ta fitar da sabbi, Pi 3 a 2016 wadda ta fara zuwa da WiFi da Bluetooth a jikinta, Pi 4 a 2019, Pi 5 a ƙarshen 2023. Akwai kuma ƙananan ƴan uwansu da ake kira Zero, wadda tafi amfani a cikinsu ita ce Zero 2 W ta 2021, dala 15 aka sa mata lokacin fitowa, memorinta mega 512 ne kawai. Duk waɗannan cikakkun kwamfutoci ne, tsarin aiki na Linux suke ɗauka, zaka jona sikirin da kibod kayi aiki. Amma Pico da ta fito a 2021 a kan dala 4 wata aba ce daban, ba ta ɗaukar Linux, firogiram ɗaya zaka zuba mata tayi ta maimaita shi daga lokacin da ta samu wuta har a ɗauke. Ita da Arduino da ESP32 aji ɗaya suke. Wannan bambancin shi mutane da yawa basa ganewa, sai kaga an sayi kwamfuta mai tsada an ɗora ta kan aikin da abin dala 4 zai fi yinsa da kyau.

Mu fara da wuta tunda a wajenmu nan ne abin yake lalacewa. Pi 4 tana son folt 5 da caja mai iya bada amf 3 ta USB-C. Pi 5 kuwa cajarta ta asali amf 5 ce, wat 27, kuma in ka ba ta mai amf 3 zata tashi amma zata rage wutar da take ba kofofin USB ɗinta zuwa miliamf 600, kaga in ka jona hadis na waje, wato hard disk na ajiye fayiloli, sai matsala. Kuma ba cajar waya ko wacce ke bada amf 5 a kan folt 5 ba, yawancin masu saurin cajin nan folt ɗin suke ɗagawa, ita kuma Pi ba haka take so ba. To a ina zaka samu irin wannan a Kafin Hausa in ta lalace? Sai ka je Kano, a Kanon ma sai an bincika. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai lissafin batir, ka ɗauki biro. Pi 4 in tana zaune ba aiki tana cin wajen wat 3, in an matsa mata ta kai 6 ko 7, mu ɗauka wat 4 a tsakaice. In zata kwana ta wuni a kunne, 4 sau 24, wat-awa 96 kenan a rana. Batir mai folt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1200, amma in na ruwa ne ko jel kasan ba'a so a sha fiye da rabinsa in ana so yayi ƙarko, saura 600, kaga Pi ta cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da kake da shi kafin a zo maganar fitila da fanka da cajin wayoyin gida da na maƙwabta. Ƙaramin batir ɗin nan mai 7Ah kuwa wat-awa 84 ne gaba ɗaya, rabinsa 42, awa goma kenan da ɗan ɗoriya, ba zai kai ta asuba ba in ka kunna tun magariba da wasu kaya a kai. Zero 2 W ita wajen wat 1 take ci ko ƙasa da haka in tana zaune, Pico kuma ko rabin wat ba ta kaiwa. Shi yasa nace famfo a ba Pico, tunda ita ce zata kwana a kunne kullum, Pi 4 kuma ka kunna ta lokacin darasi ka kashe in an tashi.

Kuma don Allah kar ka bi ta inbata. Mutane suna ɗaga folt 12 na batir zuwa 220 da inbata sannan su sa caja ta sake sauko da shi zuwa 5, alhali ita kanta inbatar ko ba'a jona mata komai ba tana iya cin abin da ya fi na Pi ɗin. Ka nemi ƴar na'urar saukar da folt daga 12 zuwa 5 kai tsaye, masu kayan lantarki sun san ta da bok kwanbata, ka ɗauki mai amf 5 ko da 3 kake buƙata saboda masu arahar nan abin da aka rubuta a jikinsu ba shi suke iya jurewa ba in rana tayi. In mai ɗan sukuru ce da ake murɗawa, ka sa mita ka daidaita ta a 5.1 kafin ka jona Pi, kafin fa, domin wasu suna zuwa ne a sake, folt 12 na shiga Pi ta ƙone nan take ba gyara. Ka sa fis a wayar da ta fito daga batir, kusa da kan batir ɗin. Kebul kuma ya zama gajere mai kauri. Na sha ganin wanda cajarsa lafiya lau amma siririn kebul mai tsawon mita biyu ya shanye folt ɗin a hanya, Pi tana ta nuna alamar walƙiya a kusurwar sikirin ko ta rubuta gargaɗin ƙarancin wuta, wannan gargaɗin yana fitowa ne in folt ya sauka ƙasa da wajen 4.63, kuma in ka gan shi kar ka share, gaba kaɗan katin memori ne zai tafi. Pawa bank ma ban cika so ba, da yawansu suna ɗan yanke wuta na daƙiƙa guda lokacin da aka jona su a caji ko aka cire, wanda ya isa ya kashe Pi ta sake tashi, wasu kuma in abin da aka jona baya jan wuta sosai kamar Pico sai su ɗauka ba komai a jiki su kashe kansu.

Maganar katin memori ita tafi ci min rai wallahi, don ita ke sa mutane su yanke ƙauna suce abin ba shi da kyau. Pi ba ta da hadis, komai nata yana kan katin microSD, tsarin aiki da fayilolinka duka. In wuta ta yanke tana cikin rubutu a kan katin, sai katin ya rikice, gobe ka kunna taƙi tashi. Ga kuma jabun kati da ya cika kasuwa, an rubuta giga 64 ko 128 a jiki, waya ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa 8 ne ko ƙasa, kana wuce nan sai ya fara rubutu kan tsofaffin fayiloli ba tare da ya faɗa maka ba. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw a Windows, a Linux kuma F3, tana cika katin taf sannan ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa zaka gwada in bai cika ba zaka dawo da shi. Ka nemi mai alamar A1 ko A2 a jiki, giga 32 ya isa koyo, ka sayi biyu, in ka gama saita komai ka kwafe na farko gaba ɗaya zuwa na biyu ka ajiye a ambulan cikin akwati. Sannan kullum ka kashe ta ta hanyar umarni, ka jira koren fitilar ta daina ƙiftawa kafin ka zare waya. Ga wadda zata zauna a makaranta inda yara ko mai gadi zasu iya zare waya ko yaushe, akwai wani zaɓi cikin raspi-config, wato wajen saite saiten Pi, da ake kira overlay, yana kulle katin ya zama karatu kawai ba rubutu, kaga ko an fizge wuta ba abin da zai same shi, in zaka ƙara littafi sai ka buɗe ka ƙara ka mayar.

Sai zafi. Kai ka sani a watan Afrilu da Mayu wajenmu ana wuce digiri 40 a inuwa, cikin ɗakin kwano kuwa ba'a magana. Pi in ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80 zata fara rage gudu da kanta, a 85 ta ƙara ragewa sosai, ba zata ƙone ba amma zata koma ja da ƙyar. Ka rubuta vcgencmd measure_temp zata nuna maka zafinta, kayi wannan gwajin da azahar ba da safe ba. Pi 5 tafi kowa zafi, in za'a matsa mata sai da fanka, fanka kuma a hunturu ƙura take zuƙowa ta tara har ta fara ƙara ta tsaya. Ni na fi son gidan nan na alminiyom mai haƙora wanda shi kansa gidan ne ke shanye zafin, ba fanka ba abin da ke juyawa, kuma a Pi 4 yana wadatarwa. In da hali ka ajiye ta a ɗakin ƙasa mai rufin azara maimakon na kwano, sanyinsa daban ne, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda laimar damina. Wani abu da littattafan Turawa ba zasu gaya maka ba shine zanzaro. Duk akwatin da ka bar masa rami zai shiga ya gina ɗakinsa na laka, na buɗe akwatin wata na'ura na tarar ya liƙe kofar USB biyu da laka har ta bushe tayi tauri, gefe guda kuma kiyashi sun tara ƙwai a ƙarƙashin bod ɗin saboda ɗumi. Ka yanko ragar gidan sauro ka manne a kan duk wata kafar iska, kofofin da baka amfani dasu ka rufe da salatif, wayoyi kuma ka zura su cikin bututu saboda ɓera.

Yanzu littattafai, wanda a ganina shine aikin da yafi lada a cikin ukun. Akwai Kiwix, manhaja ce kyauta da ke baka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya ka karanta ba intanet, har ta Hausa akwai kuma ba ta da nauyi, ta Turanci mai hotuna ce ke kai wajen giga 100, amma akwai yankakku na fanni fanni kamar lissafi ko kimiyya ko likitanci da basu da girma. Akwai Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality mai ɗauke da darussan Khan Academy da gwaje gwajen kimiyya na PhET, kuma malami yana iya buɗe aji a ciki ya ga wane yaro ya kai ina. Akwai Internet-in-a-Box da ta haɗa su duka wuri ɗaya. Yadda abin yake, Pi zata buɗe WiFi nata, yara su jona da waya su buɗe burauza su shiga, ba kati ba data ba ruwansu da sabis. Zaka iya ƙara naka, tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB da kake da su, da bayanan darasinka. Abu biyu zaka kula. Na ɗaya saukewar farko tana cin data sosai, ka shirya rana guda ka je Hadeja ko Dutse inda sabis yake da ƙarfi ka sauke komai a filas. Na biyu WiFi ɗin jikin Pi ba ya ɗaukar mutane da yawa lokaci guda kuma ba ya nisa, in aji ne cikakke ka nemi ƙaramar rauta ta hannu, yawancinsu da folt 12 ko 9 suke aiki, ka jona ta da Pi ta wayar netwok, ita ta ɗauki nauyin wayoyin. Agogo ma, Pi 4 ba ta riƙe lokaci in an kashe ta, daga intanet take ɗauka, to inda ba intanet sai ka sa mata ƴar na'urar agogo DS3231 mai batir irin na agogon hannu, ba ta da tsada. A nan kam Pi 5 ta fi, tana da agogo a jiki da maɓallin kashewa, amma bai kai a biya bambancin kuɗin da na wuta ba.

Famfo kuma, tsakani da Allah in cika tanki kawai kake so ya tsaya da kansa, makunnin nan mai yawo a kan ruwa da masu famfo ke sayarwa ya gama maka, ba sai da kwamfuta ba. Inda Pico ke shigowa shine in kana so ruwa ya tafi lambu da ƙarfe kaza, ko sai ƙasa ta bushe, ko famfo ya tsaya in rijiya ta janye don kar ya ƙone. Ana rubuta mata firogiram da MicroPython, wato kusan yaren firogiram na Python ɗin da zaka koya a Pi 4 ne, da manhajar Thonny, kaga karatu ɗaya ya maka aiki biyu. Kuma Pico tana da ƙafafu uku masu karanta awo mai hawa da sauka kamar na sensar laimar ƙasa, abin da babbar Pi ba ta da shi sam sai an ƙara mata wani guntu irin MCP3008 ko ADS1115. Sensar laima ka sayi wadda ake kira kafasitif, mai baƙin fenti, masu ƙarfe biyu tsirara ɗin nan tsatsa ke cinye su cikin ɗan lokaci. In kana so ka riƙa dubawa a waya sai ka ɗauki Pico W ko ESP32 masu WiFi.

Gargaɗi biyu a nan kuma ina roƙonka ka riƙe su. Ƙafafun Pi guda 40 ɗin nan da na Pico da folt 3.3 suke aiki, in ka tura musu 5 sun tafi, sensar auna nisa HC-SR04 da ake sa wa a tanki tana maido da folt 5, dole ka sa resista biyu su rage shi. Na biyu, kar ka ɗora famfo kai tsaye kan ƙaramin rile ɗin nan shuɗi, wato makunnin da Pico ke kunnawa da kashewa, don an rubuta amf 10 a jikinsa, motar famfo lokacin tashi tana jan ninkin abin da take ci sau da yawa, sai bakin rilen ya narke ya manne famfo yaƙi mutuwa. Rile ya kunna kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta da yawa, kwantakta ta kunna famfo. In famfon sola ne ma abin yafi sauƙi, yawancin kwantirolarsu suna da wasu ƴan ramuka biyu na jona makunnin tanki, nan rilenka zai taɓa, ba ruwanka da babbar wuta. Duk abin da ya shafi 220 ko wayar da ta fito daga jerin farantai ka kira mai wayarin ya tsaya a kai, ga ruwa ga yara a lambu, ba wajen gwaji bane.

Orange Pi da ire-irenta ba banza bane, kamfanin Shenzhen ne a Chaina, sau da yawa a kuɗi ɗaya sun fi ƙarfi a takarda, kuma akwai tsarin Armbian da ke tafiya a kansu. Amma kai da kake farawa kuma ba wanda zaka tambaya a kusa, abin da kake saya a Raspberry Pi shine yawan jama'arta, duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka kuma an rubuta maganinta. In ka ƙware sai ka ɗauki Orange Pi a aiki na biyu. Haka in burinka buga takardu ne da kallon bidiyo, ka lissafa kuɗin Pi da sikirin da kibod da caja da gida, sau tari tsohuwar laftof ta hannu tafi araha kuma ga batir a jikinta. In kana da laftof ko da tsohuwa ce ma ba sai ka sayi sikirin ba, da manhajar Raspberry Pi Imager zaka zuba tsarin a kati, a nan zaka sa sunan WiFi da kalmar sirri ka buɗe SSH, wato hanyar sarrafa Pi daga wata na'ura, sai ka riƙa shiga daga laftof ko waya. In talabijin zaka jona ka tuna Pi 4 ƙaramar kofa take da ita, micro HDMI, ka sayo kebul ɗinta tare, ba kowane shago ke da shi ba.

Wajen saye, ka duba wajen masu kayan lantarki a Sabon Garin Kano ko ka yi oda, amma in ta hannu ce kar ka biya sai an kunna ta a gabanka, ka gwada kofofin USB huɗun ɗaya bayan ɗaya da WiFi, ka duba ramin katin ko ya tsage, ka kalli ƙafafun ko akwai wadda tayi baƙi. Pi 3B+ ta hannu mai lafiya ma zata ɗauki Kiwix da koyon Python, in kuɗin bai kai ba kar ka raina ta.

Ka turo min hoton rubutun da ke jikin famfon da kwantirolarsa, da girman farantinka da batir, da yawan ɗaliban da zasu jona lokaci guda, sai in zana maka yadda zaka haɗa wayoyin da girman fis ɗin da ya dace. Allah ya taimaka, a gaida ɗalibai.